Yadda Haladu Ya Zama Mai Gadali

Ke ce kika sa na rubuta wannan babi, Binta. Lokacin da kika zo wanka gida, ina zaune a zaure na ji kina yi wa wani direba kwatance a waya, kina cewa, "In ka wuce masallaci ka tambayi gidan su Mai Gadali, kowa ya sani." Kin faɗa ko a jikinki, kamar kin ce gidan mai shayi. Ban ga laifinki ba. Kun tashi kun tarar ana kiran Baffanku Haladu da wannan suna, ya yi shekaru a ƙasa sunan bai bi shi kabari ba, har 'yarsa Hauwa da ta aurar da 'ya'ya ana ce mata 'yar Mai Gadali. Kun dai san gadali, tsiron nan mai kama da albasa da masu tsubbu ke ajiyewa a tukunya suna yi masa hidima don ya yi musu aiki a kan mutane. To ni na sa wa ƙanina wannan suna. Zan faɗa muku yadda aka yi da hannuna, kada wani ya zo yana gyara min zance bayan raina, don na san halin wasunku.

Sai kun fara sanin irin uban da Allah ya ba ku. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina awon hatsi a kasuwar Ɗambatta, kuma sana'ar nan tana ɓata wa mutum zuciya. Mutum zai kawo maka buhun gero, sama tas kamar an wanke, yana rantsuwa yana ambaton iyayensa. Ka zura hannu har gwiwa, ka damƙo tsakuwa da ƙaiƙayi. Tun ina mamaki har na daina. Na koyi cewa duk abin da ya yi kyau a sama a duba ƙasansa, duk wanda ya cika fara'a a duba hannunsa. A kasuwa wannan hali ya tsare ni, ba na musu. Kuskurena shi ne da nake tahowa da shi gida kowace yamma. Innarku takan ce ko ruwa ta miƙo min sai na leƙa kofin, kuma ba ƙarya ta yi ba, har yau ina leƙawa.

Ni da Haladu uwa ɗaya uba ɗaya muke, na ba shi shekara shida. Tun yana saurayi ya tafi Jos, ya shiga aikin lambu a wajen masu noman kabeji da karas, ya yi aure a can, sai dai mu ji gaisuwa a bakin direbobi. Shekara ashirin da takwas. Da matarsa ta rasu sai ga shi wata ranar kaka, ana tsakiyar yankan gero, ya sauka daga mota da Hauwa, da akwatin ƙarfe ɗaya, da wani buhu cike da ƙulle-ƙullen iri a tsumma da takarda. Na yi murna, wallahi na yi. Na yanka masa zakara. Amma washegari da na gan shi a garkar Baba da ke bayan gida, yana tsaye yana shafa bakin rijiya yana murmushi, sai wani abu ya ɗarsu a raina. Garkar nan ba a taɓa raba ta ba. Ni kaɗai nake jan guga a cikinta tun rasuwar Baba, ni na sake ɗaure bakin rijiyar, ni nake sabunta darni kowace shekara. Mutumin da ya yi shekara ashirin da takwas bai tuna da guga ba, yau ya dawo yana shafa rijiya. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Don kada a ce na hana shi, kafin ya buɗe baki na yanka masa rabin gabas. Layin zogale ya zama iyaka. Na riƙe ɓangaren da ke jikin rijiya, inda ƙasa ta fi baƙi, na zuba ido in ga ko zai yi magana. Bai yi ba. Godiya ya yi ta yi, har ta yi min yawa.

Bayan kamar sati uku ya kira ni inda ya yi renon iri a ƙarƙashin rumfar kara. Ya nuna min wasu 'yan tsirrai masu laushin ganye, gashi-gashi a jikinsu.

"Yaya, ka tuna matsarmama?"

"Wacce? Ciyawar nan da muke fasawa a goshi muna yara?"

"Ita fa. To wannan babbar yayarta ce. A Jos ake shuka ta. 'Ya'yanta kamar kanya, ruwan ɗorawa, kowace tana cikin 'yar rigarta. Tumatir mai riga nake ce mata. Kai dai bari ta nuna ka ji."

"Yanzu duk zamanka a Jos ciyawa ka koyo?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Haladu akwai dariya, irin ta Baba, wadda ake jiyowa daga ƙofar gida. Ya ware min guda ashirin mafiya ƙarfi, ya sa a kwali da ƙasarsu, sannan ya riƙe kwalin bai sake ba.

"Amma Yaya, kada ka dasa ta cikin tumatir. Kada ka haɗa ta da gauta ko attaruhu."

"Saboda me?"

"Danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya. Ƙwarin da ke cin wannan su ke cin waccan, in ka tara su wuri ɗaya ka yi wa ƙwari walima. Kai ta can gefen darni, ka zagaye ta da ɗoɗɗoya da albasa, warinsu na ruɗa ƙwari. In ka jefa wake a tsakani ƙasa ma ta ji daɗi."

Na karɓi kwalin na ce to. Ina tafiya ina juya maganar. Gefen darni jigawa ce, rairayi, ga nisa da rijiya. Ato. Ya ba ni iri don a ce ya ba yayansa, sannan ya tura ni inda ba za ta yi ba, tasa ta yi kyau, gari ya ce ɗan Jos ya fi na gida iya noma. Ni za a yi wa wannan? Ni da na san buhu tun daga ɗinkinsa? A ranar na dasa duka ashirin ɗin a tsakiyar tumatirina, a fangali mafi taki, gauta a dama attaruhu a hagu. Da ya leƙo ta saman zogale ya gani, ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa, "Garkar nan na san ta kafin ka san hanyar tasha." Ya mayar da bakinsa ya rufe.

Watan farko ni ke da gari. Tawa ta yi tsawo ta yi duhu, ta fi tasa nesa ba kusa ba. Duk wanda ya zo ɗiban ruwa sai na ja shi na nuna masa. Ɓangarena layi-layi, tsaf, kowane abu da wurinsa. Nasa kuwa, tabɗi! Kamar an zubar da kwandon 'yar talla. Ɗoɗɗoya nan, karas can, wake na bin ƙasa, ga wani fure ruwan ɗorawa mai warin tsiya, tumatir mai rigar tana tsaye jefi-jefi a tsakaninsu. Tumatirinsa na gaske ya kai shi can ƙarshen gabas shi kaɗai. Sannan ya zagaye kowane fangali da wani tsiro da ban sani ba, mai dogon ganye. Na riƙa yi masa tsiya ina cewa in ya gama haɗa miyar ya aiko min da tuwo.

Sanyi na fara ja baya abu ya juya. Wata safiya na taɓa ganyen tumatir mai rigar, sai ga wasu ƙananan fararen ƙwari sun tashi buu daga bayan ganye. Kafin kwana goma ganye ya nannaɗe ya yi rawaya. Daga nan suka bi tumatir, suka bi gauta, attaruhun ma fure ya riƙa zubewa. Na yi feshi har sau biyu, kamar ina ba su fura. Kullum in na fito da asuba sai na tarar wani layi ya kwanta. In na ɗaga kai kuma, taku goma kacal, bayan zogale, na Haladu kore shar. Yanzu da na tsufa zan faɗi gaskiya, nasa ma ya taɓu nan da can, na gan shi yana tsinke ganye yana ƙonawa. A lokacin idona bai ga wannan ba. Tambaya ɗaya ce ta zauna min a ƙirji: ƙwari sun san iyaka ne? Wa ya nuna musu inda rabona, ni Sabo, ya ƙare na Haladu ya fara?

Sai na fara sa masa ido, kuma duk mai neman abu a jikin mutum zai samu. Na ga yana zuwa wajen mai shayi yana karɓo ɓawon ƙwai a leda, ya daka, ya tona gindin shuka ya binne. Na ga ya tsayar da Bafillatana ya sayi tsala, bai dama fura ba, ya sirka ta da ruwa ya riƙa yayyafa wa ganye da sassafe. Na ga yana tsugunawa a bakin fangali, bakinsa na motsi, shi kaɗai. Daga baya Hauwa ta gaya min tun rasuwar mahaifiyarta yake haka, in yana aiki sai ya riƙa ba ta labarin abin da yake yi. Ni ban san wannan ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na tuna shi ne wani tsohon maharbi da ya zauna a bayan gidanmu muna yara, ana ce masa Gagare. Yana da gadali a fasasshiyar tukunya a bayan ɗakinsa. Da idona na ga yana fasa masa ƙwai, yana zuba masa nono, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Iya takan ja mana kunne ta ce ko inuwar tukunyar kada mu taka. Ƙwai, nono, magana. Sai na sake duban tsiron nan da Haladu ya zagaye fangali da shi. Ganyen albasa kowa ya sani, zagayayye ne mai rami a ciki, yara ma busa suke yi da shi. Wannan kuwa faffaɗa ne, shimfiɗaɗɗe, irin na tukunyar Gagare.

Na daure na tambaye shi, kamar da wasa.

"Wannan mai faɗin ganyen fa?"

"Albasa ce, Yaya, irin ta Jos. Lik suke ce mata. Ba ta yin kai, jikinta ake ci."

"Albasa ba kai?"

"Haka Allah ya yi ta."

Ya sake yin dariyar nan tasa. A da ina jin daɗinta. Ranar na tsaya ina kallon haƙoransa ina tunanin manoman da ke yi min irin wannan dariya a kan buhun da rabinsa tsakuwa ne.

Da 'ya'yan farko suka nuna a ɓangarensa, ya ciko ɗan kwano ya aiko mana. Innarku ta ɗauki ɗaya tana juya rigarta tana sha'awa, na karɓe kwanon na juye a bayan gida, na ce ba mai cin komai daga gabashin zogale a gidana.

"Malam, wai me ya shiga tsakaninka da ƙaninka?"

"Ki bar shi kawai. Akwai abin da na gani."

"Me ka gani?"

Na lissafa mata. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube ni.

"Malam, zato zunubi ne."

"Ko da ya zama gaskiya, na san ƙarshen karatun. Ki bar ni in ɗauki zunubin."

Sau biyu Haladu yana tsallako zogale ya same ni. Ya ce in cire tumatir mai rigar daga cikin tumatir, in ƙone waɗanda suka fi lalacewa, ko Allah zai sa a tsira da rabi. Ya ce yana da sauran irin ɗoɗɗoya da albasa, zai taya ni dasawa. A zuwa na biyu na ce masa, "In cire tawa don taka ta zama ita kaɗai a gari ko?" Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya," ya koma.

Ranar kasuwar Ɗambatta na fita tun da duhu-duhu, ban dawo ba sai bayan magariba, ban leƙa garka ba. Washegari da hantsi na ɗauki guga na shiga. Ina zuwa fangalin farko na tsaya cak. A kusurwa huɗu, ga tsiron nan mai faɗin ganye, sabon dashe, ƙasa da sauran danshi. Fangali na biyu haka, na uku haka. A gindin kowanne ga farin ɓawon ƙwai yana leƙowa. An jera ɗoɗɗoya ma a gefe-gefe, amma ita ban ko dube ta ba. Ga sawun takalmin robarsa ya taho daga zogale ya koma zogale. Kusurwa huɗu! Ko yaro ya san a kusurwa huɗu ake binne wa mutum abu. Kuma kada in ɓoye muku, a ƙarƙashin tsoron da ya kama ni akwai wani daɗi, irin wanda nake ji in na zura hannu a buhu na damƙo tsakuwar da na san tana nan.

Ban taɓa su da hannu ba. Da fartanya na tone su ɗaya bayan ɗaya, na tura cikin buhun taki da bakin fartanyar, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na ɗaure buhun na ajiye a zaure. Wunin ranar ban ci komai ba, ina jiran La'asar, don lokacin ne masallaci ya fi cika. Da aka kira salla na ɗauki buhun, Innarku ta sha gabana.

"Ina za ka da shi?"

"Inda jama'a za su gani."

"Ka buɗe ka sunsuna mana. Ya ce albasa ce. Albasa tana ɓuya ne?"

"A sunsuna asiri? Kina so in haukace?"

"To ba ni, ni in sunsuna."

"Kul!"

"Malam, ka kira shi nan zaure, daga kai sai shi. Nono ɗaya kuka sha. Magana zarar bunu ce, in ta fita a gaban mutane ba ka da hannun mayar da ita."

Ta riƙe bakin buhun da hannu biyu. Tun da muka yi aure ba ta taɓa riƙe min abu ba sai ranar. Na fizge na fita, ina jin tana salati a bayana.

Ana sallamewa, mutane sun fito suna neman takalma, na zazzage buhun a gaban dakalin masallaci. Liman na lokacin, Allah ya ji ƙansa, ya ce, "Malam Sabo, lafiya?" Na ce ina fa lafiya. Na faɗi komai, kuma na iya faɗa, don bakin 'yan kasuwa gare ni. Na faɗi yadda nawa ya mutu nasa ya rayu da taku goma a tsakani. Na faɗi ƙwai, na faɗi nono, na faɗi magana shi kaɗai, na rufe da kusurwa huɗu. Dattawa suka sunkuya suna dubawa daga nesa, hannu a baya. Wani ya ce, "Kai, biri fa ya yi kama da mutum." Haladu yana tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Ni na dasa," in ji shi.

"Kun ji! Ya amsa da bakinsa!"

"Ni na dasa, Yaya. Na ga tumatirinka yana ƙarewa, na yi maka magana sau biyu ka ƙi. Na ce bari in sa maka kana kasuwa, in ka dawo ka yi faɗanka, ko ɗan abin da ya saura ya tsira. Albasa ce. Ɓawon ƙwai abincin ƙasa ne. Tsala maganin farin kumfan ganye ce."

Liman ya ce a bi a hankali, abin na 'yan'uwa ne. Amma na ga idon mutane, wasu sun karkata wajena wasu suna wasi-wasi. Haladu ma ya gani. Ya ajiye takalmin, ya matso har gabana, tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Ya sunkuya ya ɗauki mafi girma a ciki, ya goge ƙasar a jikin rigarsa, ya karya ta biyu, ya kai baki. Ya tauna ya haɗiye. Ya sake gatsa. Haka ya yi ta ci yana kallona, har ganyen, hawaye na zubo masa, ban san ko na yajin ne ko na wani abu ba. Kowa a wurin ya san ba a cin gadali, dafi ne da shi, ko akuya ba ta kula shi.

Sai na ji mutane sun fara sauke numfashi. Wani a baya ya fara 'yar dariya. Liman ya ɗaga hannu, na ga bakinsa ya buɗe zai ce alhamdu lillahi a watse. Na hango abin da zai biyo baya sarai: Sabo mai awo, wanda ba a taɓa cuta a kasuwa ba, ya kwaso albasa a buhu ya kawo masallaci. Za a yi shekara goma ana ba da labarin a wajen mai shayi. Kafin Liman ya furta, na riga shi.

"Yo ina kuka taɓa ganin maciji ya sari gardinsa?"

Shi ke nan. Mai dariyar ya haɗiye dariyarsa. Wanda ya yi zancen biri ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan kuma haka ne." Haladu ya tsaya da guntun ganye a hannu. Bai yi rantsuwa ba, bai zage ni ba. Ya dube ni wani irin kallo, ba na fushi ba, kamar yana neman wani a fuskata bai same shi ba. Ya sa takalminsa ya tafi.

Ba wanda ya yanke masa hukunci. Liman ya yi nasiha ya ce a bar maganar, kowa ya ce an bari. Sai dai mata suka daina aikowa sayen ɗoɗɗoya da karas a wajensa. In ya miƙa wa mutum goro, sai a karɓa a sa a aljihu. A sahu akan bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Kafin wata ya mutu sunan ya fito, ban san bakin da ya fara ba, amma na san bakin da ya haife shi. Tumatir mai rigarsa ta nuna ta yi ta zuba a ƙasa, kaji ne kawai suka ci. Ni kuma na zauna ina jiran abu ɗaya: ya zo ya ce a raba gado. Da ya ce haka da na samu na kamawa, in ce ga abin da ya dawo da shi tun farko. Na jira, na jira. Gab da faɗuwar damina ya ɗaure akwatin ƙarfensa, ya kama hannun Hauwa, ya koma wajen Watari inda ake noman rani, ya kama ɗan fili. Ya bar min garka duka, da rijiya, da layin zogale. Ko guga bai ɗauka ba.

Shekara huɗu ban taka ba. Sai da aka ce min jikinsa ya yi tsanani Innarku ta sa ni gaba, ta ce in ban je ba ita za ta hau mota ta tafi, duniya ta gani. Na same shi a bakin filinsa a kan tabarma, ya rame har na so in wuce shi. Filin kuwa irin na da, kwandon 'yar talla. Ya yi murna da ganina, murna ta gaske, na duba ƙasanta ban sami komai ba. Ya sa Hauwa ta tsinko tumatir mai riga, ya ɓare rigar da yatsunsa ya miƙo min. Ranar na fara ɗanɗana ta, zaƙi-zaƙi tsami-tsami. Muka yi zancen ruwa, muka yi zancen Iya da Baba, muka yi zancen Gagare ma, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na zo da magana a bakina tun daga gida, na yi ta jiran inda zan sa ta. Da na miƙe zan tafi ya riƙe bakin rigata.

"Yaya, na yafe komai tun tuni, kada ka sa a ranka. Abu ɗaya nake so in sani. Ranar nan kana dab da ni. Da na karya ta, ba ka ji warinta ba?"

Ya buɗe min ƙofa da hannunsa, saura in shiga. Na dubi ƙasa na ce,

"Mura nake yi a lokacin."

Ya saki rigar. Ya ce, "Ayya. Allah ya ƙara sauƙi."

Ban sake ganinsa da rai ba. Kafin a yi girbi ya rasu. A wajen jana'iza ina tsaye a sahun gaba na ji wasu biyu a bayana, ɗaya na tambaya wa ya rasu, ɗayan ya ce Mai Gadali ne na wajen Ɗambatta. Har Watari sunan ya bi shi.

Tumatir mai rigar da kuka tashi kuna ci a gidan nan, wadda kuke cewa babu mai iya ta sai ni, irin da Hauwa ta ƙullo min ne a tsumma ranar addu'ar uku, ta ce shi ya ce a ba ni. Kun ga inda nake dasa ta, gefen darni, nesa da tumatir da gauta, ɗoɗɗoya da albasa a zagaye, wake a tsakani. Kun ga ina daka ɓawon ƙwai. Ba wanda ya taɓa ce min mai gadali.

Wannan babi kada ku jira sai na mutu, na san ku, za ku ce a rufa wa tsoho asiri ku sa shi a ƙasan akwati. Sani, kai ne babba kuma kai ke da murya. Ka je ka ɗauko Hauwa. Ranar Juma'a bayan La'asar ka tsaya a gaban dakalin nan ka karanta shi daga farko, ina zaune kowa yana kallona. Rabin garka na gabas nata ne, har da rabin rijiya, a faɗa a wurin. In ka zo nan ka ɗaga murya yadda na sahun baya za su ji: ranar nan lafiyata ƙalau, ba na mura. Yana karya ta warin albasa ya bugi hancina, tun kafin ya kai ta baki. Na ji, sannan na yi maganar maciji.